Haɗa Mayukan Gargajiya Don Ƙarfafa Garkuwar Jiki: Abin Da Ya Tabbata Da Abin Da Ake Zato

Da wuya yanzu ka ratsa unguwa a Kano, Kaduna, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram ba ka ci karo da shagon maganin Musulunci ba, irin wanda ake kira Islamik Kemis. Kantoci cike da ƙananan kwalabe jere reras: man habbatussauda, man zaitun, man tafarnuwa, man hulba, man kanumfari, man na'a-na'a, man darbejiya, man zogale. A da mutum kan sayi kwalba guda saboda larura guda. Abin da ke tashe yau shi ne haɗi. A tara mai uku, ko biyar, ko bakwai a kwalba ɗaya, a girgiza, a riƙa shan cokali da safe kafin a karya, wani lokaci da zuma a ruwan ɗumi. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne ƙarfafa garkuwar jiki da tsare lafiya gaba ɗaya.

Mutane sun rabu a kan wannan. Akwai masu ganin duk wanda ya ɗaga tambaya a kai yana raina maganin da addini ya yaba. Akwai kuma masu ganin harkar duka cin kuɗin talaka ce. Ruɗanin ya samo asali ne daga cakuɗa tambayoyi uku da ya kamata a raba: ko kowane mai yana da amfani shi kaɗai, ko haɗa su na ƙara wannan amfanin, da kuma ko abin da ke cikin kwalbar shi ne abin da aka rubuta a jikinta.

Mece ce garkuwar jiki?

Garkuwar jiki tsari ne na gaɓoɓi da ƙwayoyin halitta masu aiki tare don gane baƙon abu su kawar da shi. Matakin farko shi ne fata, majina, hawaye da ruwan tsamin ciki, waɗanda ke tare ƙwayar cuta tun daga ƙofa. Idan ta ƙetare, sai fararen ƙwayoyin jini da ɓargo ke ƙerawa su far mata. Kaluluwar da ke fitowa a hammata ko matsematsi idan mutum ya ji ciwo alama ce ta wannan fafatawa. Akwai kuma sashe mai koyo da tunawa: idan jiki ya taɓa haɗuwa da wata ƙwayar cuta, yakan ƙera sinadaran kariya da ake kira antibodi, ya adana kamanninta, ta yadda in ta dawo zai gane ta nan take. A kan wannan sashe aka gina allurar rigakafi.

Abin da masu tallar haɗi ba su cika faɗa ba shi ne, garkuwar jiki ba randa ba ce da za a yi ta ɗura mata ruwa har ta cika. Lafiyarta a daidaito take. Idan ta yi rauni, kamar yadda ke faruwa ga mai tamowa, ko mai ƙanjamau da ba ya shan magani, ko mai ciwon sugan da ya ƙi saituwa, cututtuka kan sami hanya. Idan kuma ta yi zafin nama fiye da kima, sai ta juya kan mai ita. Asma, borin jini, wasu nau'o'in ciwon gaɓɓai da ciwon suga irin na yara duk daga nan suke. Saboda haka idan aka ce abu na ƙara garkuwa, ya kamata a tambaya wane sashenta yake taɓawa, a jikin wa, kuma da wane ma'auni aka gane ta ƙaru.

Mai iri uku ne, ba ɗaya ba

Duk abin da ke cikin waɗancan kwalabe mai ake ce masa, amma hanyar samar da shi ta bambanta, ƙarfinsa ma haka.

Na farko shi ne man matsa, wanda ake tatsa daga ƙwaya ko 'ya'yan itace: zaitun, riɗi, gyaɗa, kwakwa, zogale, habbatussauda. Yawancinsa kitse ne, kuma da yawa daga cikinsu abinci ne. Cokalin cin abinci guda na kowannensu na ɗauke da kalori wajen 120, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki. Sai dai zama man matsa ba ya nufin ana iya sha, domin man darbejiya da man zurma ma matsa su ake yi.

Na biyu shi ne man tiriri. Ana turara ganye ko fure ko ɓawo, a tara tiririn, a ware ɗan man da ya taso tare da shi. Man kanumfari da man na'a-na'a na ainihi daga nan suke. Buhun ganye kan ba da ɗan mai kaɗan, shi ya sa ƙarfinsa ya wuce misali. Da ɗigo ake auna irin wannan, ba da cokali ba. Man kanumfari, alal misali, kashi 70 zuwa 90 cikin ɗarinsa sinadari ɗaya ne mai suna yujinol, wanda ke kashe zafin haƙori idan an ɗiga, amma yake ƙona hanta idan an kwankwaɗa.

Na uku man jiƙo ne: a zuba tafarnuwa ko hulba ko citta cikin wani mai, a bar shi kwanaki ko a ɗan ɗumama, a tace. Ƙarfinsa ya dogara ga hannun wanda ya haɗa.

Mai saye kan ga kwalba uku masu girma ɗaya da kuɗi kusan ɗaya, ya ɗauka awonsu ɗaya ne. Mafi yawan haɗarin da ke cikin wannan harka daga wannan zaton yake farawa.

Tushen al'adar

Martabar habbatussauda da zaitun a wurin Musulmi daga nassi take. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ke nuna akwai waraka a cikin habbatussauda daga kowace cuta ban da mutuwa, kuma Alƙur'ani ya ambaci zaitun da albarka a Suratun Nur, ya yi rantsuwa da shi a Suratut Tin. Malaman ƙasar Hausa ma ba baƙi ba ne a fannin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta littattafai da dama a kan magani, har da wanda ya keɓe wa basir.

Amma yana da kyau a duba yadda magabata suka fahimci nassin. A ruwayar Bukhari, lokacin da Galib ɗan Abjar ya kwanta rashin lafiya, shawarar da Ibn Abi Atiƙ ya bayar ita ce a ɗauki ƙwaya biyar ko bakwai, a niƙa, a haɗa da ɗigon mai. Ƙwaya biyar ko bakwai, ba rabin kofi ba. Ibn Hajar, a sharhinsa Fathul Bari, ya kawo saɓanin malamai: Al-Khaɗɗabi na ganin lafazin na gama-gari ne amma ana nufin wasu cututtuka keɓaɓɓu, Ibn Abi Jamra kuma na ganin a bar shi a kan gamewarsa. Ko waɗanda suka bar shi a gamewarsa ba su ce a sha yadda aka ga dama ba.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, yana cikin manyan madogaran masu wannan sana'a. A cikin Zadul Ma'ad ya bayyana cewa yawancin magungunan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na sahabbansa tilo ne, ba harhaɗaɗɗu ba. Ya kuma kawo ƙa'idar da likitocin zamaninsa suka haɗu a kai: muddin abinci zai wadatar ba a zuwa ga magani, muddin magani tilo zai wadatar ba a zuwa ga haɗi. Wannan na nufin kwalba mai mayuka bakwai ba za ta jingina da hadisin habbatussauda ta ce ita ma nassi ne ya zo da ita ba. Haɗin ijtihadin mai haɗawa ne, yana iya dacewa, yana iya kuskurewa.

Bunƙasar kasuwar ta kwanan nan kuwa tana da nata dalilai. Annobar korona a 2020 ta sa maganar garkuwar jiki ta shiga bakin kowa. Faɗuwar darajar naira daga 2023 ta ninka kuɗin magungunan asibiti, har mai hawan jini da mai suga suka fara neman mafita mai sauƙi. Wayar hannu kuma ta sa saƙon murya guda na iya kewaya dubban gidaje ta WhatsApp a yini ɗaya: cokali ɗaya na wannan, rabin cokali na wancan, an jarraba, mujarrabi ne. A kan haka a ƙara da layin asibiti da gajeren lokacin da likita ke ba marar lafiya, alhali mai shagon unguwa zai zauna ya saurare ka har ka gama.

Abin da bincike ya nuna a kan kowanne

Habbatussauda an yi bincike da yawa a kanta. Sinadarin da ya fi ɗaukar hankalin masana a cikinta shi ne timokwinon. A ɗakin gwaji da jikin dabbobi an ga yana rage kumburi, yana kuma hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. A jikin mutane, gwaje-gwaje da dama da aka tattara sun nuna tana ɗan rage sugan jini da kitsen jini, tana kuma sauke hawan jini da kimanin maki 3. Wannan amfani ne na gaske, amma a san girmansa: wanda awonsa ya kai 160 zai sauko 157 ne, yana nan cikin haɗari. A 2017 an wallafa wani gwaji daga Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, inda aka raba masu asma 80 gida biyu, aka ba rabi miligiram 500 na man sau biyu a rana tsawon mako 4. Waɗanda suka sha sun ɗan fi samun sauƙi. Abu biyu ne abin lura a nan. Man an ɗora shi ne a kan maganinsu na asibiti, ba a madadinsa ba. Sannan awon yini guda, giram 1, bai kai rubu'in cokalin shayi ba. Kuma idan aka duba da kyau, aikin da ya yi a nan kwantar da garkuwar da ta yi zafi ne, ba zuga ta ba.

Man zaitun hujjarsa ta fi ƙarfi, amma a fagen zuciya da jijiyoyin jini. A wani babban gwaji a Sifen da ya ƙunshi mutum 7,447 masu shekaru 55 zuwa 80, waɗanda suka ci abinci mai yawan ganye, wake da kifi tare da man zaitun na matsar farko sun sami raguwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 30 cikin ɗari. A cikin abinci suka ci shi, shekara da shekaru, a madadin wani kitsen. Ba a gwada shan cokali da asuba a kan tuwo da miyar da aka saba ba.

Tafarnuwa kuwa, sunanta ya fi hujjarta girma a maganar mura. Gwajin da ake yawan kafa hujja da shi an yi shi ne a Ingila a 2001 da mutum 146 tsawon mako 12: masu shan ƙwayar tafarnuwa sun yi mura sau 24, sauran sau 65. Sakamako ne mai ban sha'awa, amma masanan da suka sake bitar fagen sun ce gwaji ɗaya bai isa a yanke hukunci ba. Ƙari a kan haka, sinadarin alisin da ke fita idan an daka ɗanyar tafarnuwa ba ya daɗewa, kuma babu shi a man tafarnuwa na tiriri. Wanda ya jefa ta a miya ko ya ci ɗanya bai yi asarar komai ba idan bai sayi kwalba ba.

Sauran, irin su man zogale da man hulba, binciken da aka yi a kan shan su a jikin mutane kaɗan ne ƙwarai. Amfanin zogale da aka fi tabbatarwa a ganyensa yake.

Shi kansa haɗin

A nan ne tsakiyar maganar take. Lissafin da ake yi a zuci shi ne, tunda wannan na da amfani, wancan ma na da amfani, haɗa su zai ba da amfani biyu. Jiki ba ya bin wannan lissafin. Idan abu biyu suka haɗu a ciki, ɗayan huɗu ne ke faruwa: su taimaki juna, ko kowa ya yi aikinsa, ko ɗaya ya rage ƙarfin ɗaya, ko su taru su yi aiki ɗaya har ya wuce gona da iri. Ba a sanin wanne ne sai an gwada wannan haɗin, da wannan awon.

Misalin kurkur da masoro ya isa a gane haka. Sinadarin kurkur ba ya shiga jini sosai. A 1998 masu bincike a Indiya suka nuna cewa ɗan sinadarin masoro kaɗan na ninka shigarsa kusan sau 20. Kamfanoni suka rungumi haɗin. A 2019 hukumomin lafiya a Italiya suka tattara rahoton mutum fiye da 20 da suka kamu da kumburin hanta bayan shan ƙwayoyin kurkur, da yawansu masu ɗauke da sinadarin masoro. Ƙofar da ta buɗe wa amfani ita ce ta buɗe wa illa. Kurkur da masoro a tukunyar miya ba su da wannan matsala, domin awonsu kaɗan ne.

Wannan ba ya nufin haɗa magunguna laifi ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibiti yau haɗi ne na sinadari biyu, ɗaya daga cikinsu ma daga dangin tazargade aka samo shi, aikin da ya jawo wa 'yar ƙasar Sin Tu Youyou lambar Nobel a 2015. A gida Nijeriya, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta ɗauki wani haɗin gargajiya na tsirrai huɗu, cikinsu da masoro, kanumfari da karan dafi, ta daidaita awonsa, ta gwada shi a kan masu sikila, ta fitar da shi da sunan Niprisan. Gwajin da aka wallafa a 2001 ya nuna raguwar tashin ciwon. Bambancin waɗannan da kwalbar shago shi ne an san abin da ke ciki, an san awonsa, an kwatanta waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba.

Haɗin mayukan da ake sayarwa da sunan garkuwar jiki bai bi ta wannan hanya ba. Hujjar da ake kawo masa ta ɗaiɗaikun mayukan ce, ba ta haɗin ba. Akwai kuma wata asara da ba a lura da ita: idan mutum ya sha abu bakwai ya ji daɗi, bai san wanne ya yi aiki ba, zai ci gaba da biyan kuɗin bakwai. Idan kuma ƙuraje suka feso masa ko cikinsa ya ɓaci, bai san wanne zai bari ba. Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ra'ayoyi masu karo da juna

Masu sana'ar suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Suna cewa iyaye da kakanni sun rayu da waɗannan tsirrai, cewa magungunan asibiti da yawa daga itatuwa aka ciro su, kuma gwajin zamani na cin kuɗin da mai shago ba shi da su, kamfanonin waje kuma ba za su kashe kuɗi a kan abin da ba za su mallake shi ba. Duk wannan gaskiya ne. Rashin gwaji ba hujja ba ce ta rashin amfani. Sai dai kakannin ba su sha man tiriri da cokali ba, ba su kuma haɗa shi da ƙwayoyin hawan jini ba.

Likitoci kuwa abin da ke damunsu shi ne wanda suke gani a gadon asibiti: mai ciwon suga da ya ajiye maganinsa wata uku, mai ƙullutu a nono da ta yi ta shafa mai har abin ya fashe, mai ciwon ƙoda da ba a san abin da ya sha ba. Kuskuren wasunsu shi ne tsawa. Marar lafiyar da aka kunyata sau ɗaya ba zai sake faɗin abin da yake sha a gida ba, kuma wannan ɓoyewar ita ce mafi haɗari.

Ra'ayi na uku shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya da cibiyoyin bincike na gida: a karɓi maganin gargajiya, amma a auna shi. Darasin korona ya nuna amfanin hakan. A Afrilun 2020 shugaban Madagaska Andry Rajoelina ya ƙaddamar da wani jiƙo da aka ce yana maganin cutar, ƙasashe da dama suka karɓa, har da Nijeriya. Da NIPRD ta bincika, sai ta ce ba ta sami hujjar yana warkar da korona ba. Cibiyar da ta tabbatar da Niprisan ita ce ta ƙi tabbatar da wannan, kuma a ganina haka ya kamata a yi wa kowane haɗi.

Shaidar "na sha na warke" tana da wuyar musantawa, domin mai faɗa ba ƙarya yake yi ba. Amma mura kan tafi da kanta cikin mako guda ko kwana goma, kasala kan zo ta wuce, kuma wanda bai ji sauƙi ba ba ya aiko da saƙon murya.

Waɗanda abin ya fi yi wa barazana

Jarirai da ƙananan yara ne kan gaba, kuma a nan babu sassauci. A 1981 likitoci a Malesiya suka wallafa rahoton yara 13 da aka ba man darbejiya, suka kama amai, suma da jijjiga cikin sa'o'i kaɗan, wasu suka rasu. An kuma sha samun rahoton yara 'yan ƙasa da shekara uku da hantarsu ta tsaya bayan sun haɗiyi mililita 5 zuwa 10 na man kanumfari, wato cokalin shayi ɗaya ko biyu. Ɗura ma haɗari ce ko da man mai kyau ne. Idan aka toshe wa yaro hanci aka zuba masa mai yana kuka, ko aka ɗiga masa a hanci, man kan zarce huhu ya kwanta a can, ya jawo ciwon huhun da ba ya jin maganin ƙwayoyin cuta. Likitoci a yankin Asir na Saudiyya sun rubuta rahotanni da dama a kan jariran da aka yi wa haka da man shanu. Zumar da ake haɗawa da mayukan ita ma ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba. Jaririn da bai kai wata shida ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, kuma a cikinsa akwai sinadaran kariyar da babu kwalbar da ke da su.

Mai juna biyu ta nisanci man zurma, wanda ke murɗa hanji yana iya tayar da naƙuda, da man darbejiya, da duk wani man tiriri na sha. Habbatussauda da hulba a matsayin kayan ƙamshin abinci daban ne da shan mansu da cokali.

Sai masu shan maganin asibiti na dindindin. Habbatussauda da hulba duk suna sauke suga. Idan suka haɗu da allurar insulin ko ƙwayar suga mai ƙarfi, mutum na iya jin rawar jiki, gumi da jiri, har ya faɗi. Tafarnuwa, citta da kanumfari na rage daskarewar jini, don haka mai shan wafarin ko asfirin, da wanda za a yi wa tiyata, dole ya sanar da likita. Wani gwaji a Amurka a 2002 ya nuna ƙwayoyin tafarnuwa sun rage yawan wani maganin ƙanjamau mai suna sakwinabir a jini da kusan rabi. Abin takaici a nan shi ne, masu wannan cuta suna cikin waɗanda ake yi wa tallar ƙarfafa garkuwa.

Kwalbar da abin da ke cikinta

Ko da an yarda da amfanin mai, saura a tabbatar shi ne a ciki. Binciken da aka yi a kan mayukan habbatussauda na kasuwa ya gano cewa yawan timokwinon tsakanin wata kwalba da wata na iya bambanta fiye da ninki ɗari. Ƙasar da aka noma ƙwayar, yadda aka matse ta da yadda aka adana man duk suna da tasiri. Zafi da haske na lalata mai. Farar kwalbar roba da ta yi wata biyu a bayan mota mai lasifika, cikin ranar bazara, ba ita ce aka gwada a Jidda ba. Idan warin mai ya sauya, ko yana maƙaƙi irin na tsohuwar gyaɗa, ya lalace.

Algus ma tsohuwar matsala ce, musamman a man zaitun saboda tsadarsa. Mafi munin misali ya faru a Sifen a 1981, lokacin da 'yan talla suka bi gida gida da jarkoki marasa tambari suna sayar da man masana'anta da sunan man zaitun mai araha. Kimanin mutum 20,000 suka kamu da ciwo, ɗaruruwa suka mutu.

Mai haɗa nasa a gida shi ma yana da abin kiyayewa. Ɗanyar tafarnuwa da aka nutsar cikin mai aka ajiye a ɗaki na ba wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa damar fitar da dafi mai shanye jijiyoyi, domin tana son wurin da babu iska. Ana kiran ciwon botulizim, kuma man ba ya sauya wari ko launi balle a gane. A 1985 mutum 36 suka kamu da shi a birnin Bankuba na Kanada ta wannan hanya. Irin wannan jiƙo a firji ake ajiye shi, a ƙarar cikin kwana huɗu. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, barinsa ya fi.

Game da hukuma, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana ba magungunan gargajiya lamba mai harafin L a ƙarshe. Ma'anarta an duba tsabtar maganin, an kuma gwada cewa ba guba ba ne a awon da aka rubuta. Ba ta nufin an tabbatar yana warkar da abin da aka lissafa, shi ya sa ake buƙatar a rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Mai saye ya nemi lambar, da sunayen abubuwan da ke ciki da awon kowanne, da ranar lalacewa, da adireshin mai haɗawa. Haɗin da aka ce sirri ne, ba a faɗin abin da ke ciki, bai cancanci shiga cikin kowa ba.

Inda mai ke taimakon garkuwa da gaske

Akwai alaƙa tabbatacciya tsakanin mai da garkuwar jiki, sai dai a tukunya take. Bitamin A, D, E da K ba sa shiga jiki sosai sai da maiƙo. Bitamin A kuwa shi ke kula da fatar cikin hanji da hanyar numfashi, kuma ƙarancinsa na sa ƙyanda da gudawa su yi wa yaro mummunan kamu. Shi ya sa ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 shi a lokutan rigakafi. Manja na ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, muddin ba a soya shi har ya yi fari ba. Kwaɗon zogale da ƙuli da ɗan man gyaɗa, miyar alayyafo, kabewa, karas, riɗin da ake nomawa a Jigawa da Nasarawa, wake da ƙwai, duk suna cikin abin da garkuwar yaro da ta babba ke ginuwa da shi.

Sashen garkuwa mai tunawa kuwa ba ya koyon cuta daga mai. Wani bincike da aka wallafa a 2019 a kan yaran da ba a yi wa rigakafi ba a ƙasar Holan ya nuna ƙyanda na goge kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na sinadaran kariyar da yaro ya tara a baya, ta bar shi a buɗe ga cututtukan da ya riga ya sha fama da su. Annobar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022, wadda ta fi tsanani a Kano, ta fi cin yaran da ba su kammala rigakafi ba. Allurar waɗannan cututtuka biyu kyauta ce a asibitocin gwamnati.

Baligi mai lafiya da ke son shan man habbatussauda ko na zaitun yana iya yi: mai ɗaya a lokaci guda, awo kaɗan da bai wuce cokalin shayi ba a yini idan habbatussauda ce, daga kwalba mai duhu mai lamba, ya kuma dakata idan ya ga ƙuraje, ciwon ciki ko idonsa ya sauya launi. Wanda ke da ciwo mai magani na dindindin ya ɗauki kwalbar ya tafi da ita ranar ganin likita, a duba ta tare da sauran magungunansa.